Ƙwan Zabin Inna

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu muka koma sabon matsuguni, surukata Inna ta sa wa kazarta ƙwan zabi ta kwanta a kai. Su ne za su zama zabinta na farko bayan tashin, kullum sai ta leƙa akurki kafin ta karya kumallo.

Ran nan za ta biki Kiru, ta ce, "Ke 'yar nan, ki duba ƙwan nan ki fitar da baragurbi."

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, har na fara rubuta sunana, don haka ban ga abin tambaya ba. Ai kowa ya san ƙwan da ya taso a ruwa ya lalace. Na cika ƙwarya da ruwa na zuba su, duk wanda ya taso na kai shi juji. Wasu har motsi suke yi a saman ruwan, na ce lallai waɗannan ruɓarsu ta yi nisa. Na mayar wa kaza da waɗanda suka nutse.

Da Inna ta dawo na ba ta labari tiryan-tiryan. Sai ta tambaye ni:

"Masu motsin fa?"

"Su na fara zubarwa, Inna."

"To, sannu da aiki. 'Ya'yan ne ke motsi a ciki."

Kazar ta yi ta kwanci har ta gaji ta tashi. Yau ga ni da jikoki, amma ko dafaffen ƙwai na ɗauka, sai ƙanwar maigidana ta ce, "Ku karɓe, kar Yaya ta kai shi wanka."