Kunnen Injiniya

Ba kowace unguwa ce Allah ya yi wa baiwar mutum irin Injiniya ba. Mu dai mun samu, kuma muna godiya, ko da yake ba a nemi shawararmu ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana riƙe da mabuɗin sito a wani kamfanin sayar da famfunan ruwa, inda ya ga injiniyoyi da idonsa, har ya sha miƙa musu sifana. Da ya ajiye aiki sai ya ga bai kamata wannan ilimi ya tafi a banza ba, ya sa aka buga masa kati. A katin an rubuta Injiniya. Tunda a rubuce yake, wa zai yi musu?

Motar gidan ta matarsa ce, Malama, shugabar makarantar firamare ta bayan kasuwa. Ita ta saya, shi ke tuƙawa, domin a cewarsa mota sai da hannun masani. Kullum yakan sauke ta a ƙofar makaranta, ya wuce da motar bakin shagon mai aski, inda yake warware wa duniya matsalolinta har rana ta take.

Babbar hidimar da ya yi wa motar ita ce ya cire salansarta ta asali, wadda ya ce tana shaƙe injin, ya sa aka ƙera masa wani bututu mai kaurin cinyar bijimi. Daga ranar ba wanda ya ƙara makara a layinmu. Kaji suka koma kiwo a layin baya. Wani tsoho da ya shekara biyar yana cewa kunnensa ya mutu ya fito da kansa ya tambayi ko lafiya.

Ana nan sai wata ƙara ta daban ta ɓullo daga ƙarƙashin motar. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal. In an faɗa rami ta yi, in an tsaya a mahaɗa ta yi, kamar wani ne a ƙasa yake neman a buɗe masa ƙofa.

Malama ba mai yawan magana ba ce. Ranar Laraba ta ajiye jakarta a teburi ta ce, “Baban yara, Litinin ina da taron shugabannin makarantu, tafiyar awa biyu. Ba zan shiga motar da ke ƙwanƙwasa ba. Ka kai wa bakanike. In Lahadi ta zo ina jin ƙarar nan, mabuɗi ya dawo jakata, bututunka kuma ka nemi inda za ka rataye shi.”

Injiniya ya yi mata murmushin tausayi. “Malama, bakanike da hannu yake aiki, ni da kunne. Mutumin da ke kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare ba shi zai koya mini mota ba. Ki ba ni kwana ɗaya.”

Ranar Alhamis ya tara ’yan majalisar shagon aski. Ya buɗe gaban mota, ya samo guntun tiyon ba da ruwa, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin injin da shi sannu a hankali, idanu a lumshe. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya gyara farar rigarsa.

“Jama’a, abin da nake tsoro ne. Fetur ɗin zamani. An gauraya shi. Injin mai daraja ba ya karɓar raini.”

Aka tsiyaye fetur, aka zuba sabo. Ya shiga ya taka totur har gilashin shagon ya ɗauki rawa, ya leƙo da kai yana ihu, “Wa ke jin ƙwanƙwasa?” Babu wanda ya ji. Babu ma wanda ya ji tambayar. Aka yi masa barka. Da ya ɗaga ƙafa zai juya, motar ta ce ƙwal.

Ranar Juma’a cutar ta koma ƙafafun baya. Ya sa mai aski da tela da wani baƙo da ya zo aski kawai suka hau bayan motar suna jijjiga ta, shi yana tsaye gefe, hannu a bayan kunne, yana gyaɗa kai kamar likitan da ya gano abin da ba zai iya gaya wa dangi ba. Tela ya ce, “Ranka ya daɗe, ni kamar daga ƙasa nake ji. Ko a leƙa?”

“Kai da keken ɗinki ka saba,” in ji Injiniya. “Ƙara tana tafiya ne a cikin ƙarfe. Inda ka ji ta, ba nan take ba.”

Wannan magana ta burge shi ƙwarai, har ya sake maimaita ta ga baƙon, wanda rabin kansa ne kawai aka aske.

Ranar Asabar ya kwashe duk abin da ke but: tayar ajiya, jak, da littattafan rajista na makarantar Malama, waɗanda ya daɗe yana zargi. Ya cire kujerar baya ya jingine a zaure. Ya canza fulogi huɗu masu lafiya. Motar ta rage nauyi, ƙwanƙwasar ta ƙara fitowa tas.

Lahadi da hantsi Malama ta fito da mayafinta, ta tsallaka titi ta dawo da bakanike, wani dattijo mai furfura da ke tafe da kwali a hammata. Maƙwabta suka fito shan iska gaba ɗaya. Dattijon ya yi sallama, ya shimfiɗa kwalinsa, ya shige ƙarƙashin motar. Ya kama bututun da hannu ɗaya ya girgiza.

Ƙwal. Ƙwal-ƙwal.

“Maigida,” ya ce daga ƙasa, “ina robar da ke riƙe salansa?”

“Na cire,” in ji Injiniya. “Roba ta silifas ce. Tsarina bai buƙace ta ba.”

“To da me aka rataye wannan ƙaton?”

Dattijon ya warware abin da kansa ya miƙo: waya mai shuɗiyar leda, ta saki, bututun yana ta dukan ƙarfen ƙasan mota. Malama ta karɓa ta juya ta a hannu. Har da maƙalin kaya ɗaya a jiki.

“Ashe nan wayar shanyata ta zo,” ta ce. “Wata biyu ina gaba da matar maƙwabci a kanta.”

Injiniya ya yi gyaran murya ya fuskanci jama’a. “Kamar yadda na faɗa tun farko, matsalar ta jijjiga ce. Bincikena ne ya kore fetur, ya kore taya, ya kore but, ya bar wa wannan bawan Allah wuri ɗaya tak da zai duba. Haka ake aikin ilimi.”

Malama ta miƙa tafin hannu. Ya dubi hannun, ya dubi maƙwabta, ya ga duk sun zama masu nazarin gajimare. Ya zaro mabuɗin ya sa mata.

Kafin yamma tsohuwar salansa ta koma mazauninta, kujerar baya ma haka. Yanzu kullum da safe Malama ce ke tuƙi, shi yana baya, ya rungume tulin rajista a cinya don kada su zube. Takan sauke shi a mahaɗa, ya ƙarasa shagon aski da ƙafa. Ya shaida wa majalisa cewa mutum in ya kai wani matsayi ba ya tuƙi da kansa, don haka ya ɗauki direba. Da mai aski ya tambaye shi ko za a iya aron direban ranar Asabar, sai ya ce sai ya tambaye ta.