Torleif da Danƙon Kakansa

"Ni fa kafin in iya tafiya na iya sulu a kan ƙanƙara," in ji Torleif Myrvang, yana bugun ƙirji a bakin kantin garinmu. "Dutsen nan kuwa ko an ɗaure mini ido sai in hau shi in sauko, kofina bai huce ba."

Abokina, da ka ga Torleif sai ka rantse gaskiya yake faɗa. Ga gemu ja har ƙirji, ga rigar sanyi mai tsada, ga katakon sulu na ɗaurawa a ƙafa sabo fil yana ɗaukar ido. Tumbin ne kawai ya ƙi shiga tsarin. Abin da ke hana shi sukuni kuwa kujerar shugaban ƙungiyar da ke kula da hanyoyin gandun dajinmu ce. Baba Eilif ya tsufa zai sauka, kuma a al'adarmu ranar Asabar ɗin Ista duk gari ke hawa dutse a kan katako har bukkar ƙungiya, a can ake zaɓe. Mai neman kujera shi ke shiga gaba. Abin haushin, wadda ta fito karawa da shi ƙanwar matarsa ce, Solfrid, mace mai baki kamar reza.

Da safen ranar aka tashi sabuwar dusar ƙanƙara ta zubo, busasshiya kamar garin alkama. Ko jaririn garinmu ya san irin wannan rana busasshen kaki irin na kyandir ake gogawa a ƙasan katako. Danƙo sai ƙanƙara ta tsufa ta jiƙe. Amma gogan naka sai ya zaro wani tsohon gwangwani, ya buɗe, wari ya cika wurin ajiye motoci.

"Maigida, mene ne wannan kuma?" in ji matarsa Gunnvor, ta toshe hanci.

"Sirrin kakana ne. Danƙo, da kwaltar itace, da wani abu da ba a faɗa wa mata."

"Yaya Torleif," Solfrid ta ce, "katako za ka shafa wa, ko rufin ɗaki ne ke yoyo?"

"Yi dariyarki, yarinya. In kin iso sama ki tarar na cinye wainar."

Ya lafta abin nan da kauri kamar mai shafa man shanu a burodi, ya shiga gaba yana ɗaga kai. Taku na farko lafiya. Kafin a shiga cikin itatuwa ƙanƙara ta fara manne masa a ƙasa, curi bisa curi. Mutum dai sai ƙara tsawo yake yi. Kowa na zamewa sumul, shi kuwa yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kamar kazar da ta taka kunu.

"A'a, Sarkin Dutse, girma kake yi?" in ji Solfrid da ta zo wucewa.

"Sabon salo ne! Daga sama na fi ganin hanya."

Baba Eilif ya wuce shi. Tsofaffin mata mawaƙan coci suka wuce shi, kowace ta ce masa sannu. Gunnvor ta tsaya ta miƙa masa lemo, ya ce ta tafi, yana duba lafiyar itatuwa ne. Da ya ga babu kowa sai ya zube a gindin wata bishiya ya shiga kankare danƙon da safar hannunsa. Wallahi nan ma sai da na ji tausayinsa. Danƙo ya bar katako ya koma safa. Ya shafa gemu don ya yi tunani, gemu ya samu rabonsa. Ya dafa bishiya zai tashi, ganye da ɓawo suka biyo shi.

Tsoro ya kama shi sosai, domin in aka yi zaɓe ba ya nan, Solfrid za ta riƙa yi masa dariya a teburin cin abinci har ya mutu. Can sai idonsa ya faɗa kan babur ɗin ƙanƙara na ƙungiya, an ajiye shi a rumfar itace da makulli a jiki, don a nan ba mai taɓa abin da ba nasa ba.

"Shugaba ai ba ya roƙon izini," ya gaya wa kansa, ya haye.

To, a garinmu kana iya zagin mutum ya yafe maka, amma ka taka layin nan biyu da aka gyara wa masu sulu, wannan har jikokinka sai sun ji labari. Ko kare ba a bari ya sa ƙafa a ciki. Torleif kuwa tsakiyarsu ya ɗora babur. Ya danna wuta da babban yatsa, yatsa ya manne. Ya ja, ya ƙi. Babur ya yi kururuwa ya cilla, yana nome hanya kamar garma, mutane na faɗawa gefe, sandunan dogarawarsu na tashi sama.

"Ku ba da hanya! Duba aiki nake yi!"

"Saki wutar, ɗan banza!" Baba Eilif ya ƙwala masa, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Ita ce ta ƙi sakina, Baba!"

A kwanar ƙarshe babur ya bi dama, Torleif ya bi hagu. Da aka iso, ƙafafunsa kaɗai ake gani suna harbin iska daga cikin tulin ƙanƙara. Aka zaro shi, ya ce da ma nan ya yi niyyar tsayawa. Sai dai idon sawunsa ya gurɗe, ba halin taku. Wata mai jego ta ciro jaririyarta daga ɗan akwatin da ake jan yara a ciki, ta goya ta, aka cusa Torleif ciki, gwiwoyi a haɓa. Aka lulluɓe shi da fatar tunkiya, ya rungume ta da hannu biyu. Solfrid ce ta ɗaura igiyar a ƙugu ta ja shi har bukka, tana tafe tana yi masa waƙar rarrashin jarirai.

Duk da haka bai fid da rai ba. A ƙofar bukka, ana rabon waina da cuku, ya yi jawabi daga cikin akwatin cewa ya sadaukar da ƙafarsa ne don gwada ƙarfin babur ɗin jama'a. Kowa dai na kallon hanyar da ya nome.

Baba Eilif ya share murya. "Masu son Torleif, su ɗaga hannu."

Ba hannun da ya tashi. Gunnvor ta duƙufa ɓare lemo kamar ba ta ji ba. Torleif ya ce a ransa ko ba komai ai yana da ƙuri'ar kansa. Ya yunƙura zai ɗaga, ashe safar hannun ta riga ta zama ɗaya da fatar tunkiya. Ya ja, ya yi nishi, jijiyar wuya ta miƙe.

"Babu ko ɗaya," in ji Baba Eilif. "Masu son Solfrid fa?"

Daidai nan Torleif ya tattara ƙarfinsa duka ya fizga. Fata ta yage ɓarat, hannunsa ya cilla sama, ya fi na kowa tsawo, da curin gashin tunkiya a tafi yana kaɗawa.

Baba Eilif ya dube shi, ya gyaɗa kai. "Madalla. Ba mai adawa, har shi."

Solfrid ta sunkuyo ta gyara masa lulluɓi. "Na gode, Yaya Torleif. Yau kam ka riga kowa."