Ranar Da A-Rage-Kaɗan Ya Gwada Ƙofarsa

Cikin duk masu ƙaunar talaka da zamani ya haifa, babu na biyun Daraktan Tsara Gidaje na ƙaramar hukumarmu. Mutum ne mai faɗin zuciya, mai faɗin kafaɗa, mai faɗin komai da komai. Idan zai shigo ofis, tumbinsa ne ke fara amsa gaisuwa, shi kuma ya iso daga baya. Ba ya ambaton talaka sai ya lumshe ido, kamar mai tsotson alewa. Haɗuwa da talakan ido da ido ce dai bai cika so ba, saboda zuciyarsa ba ta jure tausayi.

A tsakiyar ofishinsa akwai tebur, a kan teburin akwai unguwa sukutum ta kwali a cikin gilashi. Gidaje farare a jere kamar haƙoran yaro, itatuwa na soso, da 'yan mutanen roba waɗanda ba su taɓa kawo kuka ba. Su ne jama'ar da ya fi shiri da su. Kowace safiya yakan tsaya a kansu, hannuwa a baya, yana leƙensu daga sama kamar hadarin da ke shawarar ko ya zuba.

Hikimarsa guda ce tak, amma ta ishe shi rayuwa. Duk sanda aka kawo masa zanen gida, sai ya ɗaga biro ya ce, "A rage kaɗan." Aka rage falo. Aka rage ɗaki. Aka rage taga har ta koma idon mai gyangyaɗi. Ma'aikata suka laƙaba masa A-Rage-Kaɗan, labari ya kai masa, ya ɗauka lambar yabo ce.

A taron sauraron jama'a, inda shi kaɗai aka saurara, ya yi bayani.

"Gida mai rahusa ilimi ne, ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗaukarsa ba. Mun yi bincike, mun gano cewa talaka mutum ne siriri. A waje yake wuni, rufin dare kawai yake nema. Ka ba shi ƙaton ɗaki, kaɗaici ya kama shi. Mu zumunci muke kwaɓawa da siminti."

Cikin waɗanda suka tafa masa har da wata tela da mijinta ya rasu. Ba don ta gane ba, don dai ta ga ana tafi ne. Filin da za a gina unguwar, da can ɗakunan haya ne, nata na ciki, aka rushe su domin a taimaki mazaunansu. Tun daga lokacin ita da 'ya'yanta da tsohuwar surukarta suke raɓe a barandar ƙanenta, matar ƙanen kuwa ta fara dire kwano da ƙarfi. Ga damina ta kawo kai. Sai aka yi sa'a sunanta ya fito, ita za ta shiga gidan gwaji, wanda a duk faɗin filin shi kaɗai ya tashi daga kwali ya zama bulo.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, shugaban ƙaramar hukuma ya zo, masu ɗaukar hoto suka zo. Darakta ya yanka ƙyalle da almakashi mai ruwan zinare. Tela ta iso da amalanke, a kai keken ɗinki da tukwane da wani gadon ƙarfe na da, irin wanda aka yi wa walda ba don a sake raba shi ba. 'Yan dako suka kai shi bakin ƙofa. Suka gwada a tsaye, suka gwada a kwance, suka karkata shi. Gado ya ce bai san zancen ba.

"Laifin gadon ne," in ji Darakta. "A nemo zarto."

"Ranka ya daɗe, na Inna ne," in ji tela. "Bayanta ba ya son ƙasa. In bai shiga ba, ita ma ba za ta shiga ba, ni kuma ba na barinta a waje."

Darakta ya yi murmushin malamin da ɗalibi ya ba tausayi.

"Baiwar Allah, ƙofar nan da ilimi aka auna ta. Mutum biyu za su wuce ta suna hira. Kowa ya buɗe ido ya kalla."

Ya tattare riga, ya haɗiye numfashi, ya shige a kaikaice. Kafaɗa ta wuce. Ƙafa ɗaya ta wuce. Tumbi ya zo gaɓa ya yi zamansa. Rabin Darakta na cikin gida, rabi na wajen taro, kuma rabin da ya rage wa masu hoto ba shi ne mai yin jawabi ba.

Aka ja, aka tura. Aka kawo ruwan sabulu. Daga ciki ana jin muryarsa tana shaida wa bango cewa wannan gwajin ingancin gini ne, dama yana cikin tsari. Shugaba ya duba agogo, ya ce a kira magini. Guduma ta yi ta waƙarta, dama da hagu, har ƙofa ta buɗe baki irin yadda ba a taɓa yarda ta yi a takarda ba. Darakta ya faɗa ciki fari fat da ƙura.

Gado ya bi bayansa salin-alin, ko gogar bango bai yi ba. Tsohuwa ta hau, ta miƙe ƙafa, ta yi hamdala.

Yana kakkaɓe hula yana gaya wa 'yan jarida cewa sun dai gani da idonsu, tsarin nasa mai sassauci ne, sai tela ta matso ta durƙusa.

"Allah Ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Tunda sabulun bai bushe ba, ga ƙofar kicin can da ta banɗaki, ko za ka ɗan taimaka."