Tsintsiyar da ke Cikin Wayar Kaka

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙarfin jiki?"

"Tsohuwa tana gidanku. Cire min takalman nan a waje, yanzu na goge wurin."

Ina tsaye ina guga a kusurwar falo lokacin da Dogo ya shigo. Ɗan yayana ne, a kantin magani yake aiki, kuma tun yana rarrafe mahaifiyata take kiransa mijinta. Ita kuwa duk gidan Kaka muke ce mata, har mu da ta haifa. Tana zaune a kujerarta ta gefen taga, tsintsiya jingine da gwiwarta kamar kullum.

Na san abin da ya kawo shi, ita ma ta sani. Kafin Baba ya rasu bara, muryarsa ta yi rauni har ba ya iya ƙwala kira daga ɗaki zuwa kicin, sai ya koma aiko mata da saƙon murya ta waya. Ina shayina, wa ya ɗauke tabarauna, ki zo ki rufe taga. Ba ta goge ko ɗaya ba, kuma bayan rasuwarsa kowace safiya sai ta saurari biyu ko uku. Da tsohuwar wayarta ta fara mutuwa, Dogo ya kai Kaka shago, ta zaɓi mai araha, aka juye mata saƙonnin a ciki. Ba a daɗe ba wayar ta cika, ta fara nuna mata hoton tsintsiya a fuska, alamar a rage mata kaya. Kaka kuwa ba ta iya ganin tsintsiya ta wuce. In ta share falo ta share kicin, sai ta zauna ta share waya. Wata safiya wayar ta tambaye ta ko a haɗa da tsofaffin kaya masu cin wuri, ta ce a haɗa. Muryar Baba ta tafi gaba ɗaya. Dogo ya karɓi wayar ya kai wa mai gyara, yau ne zai kawo amsa, kuma na lura daga shi har ita ba mai son ya fara taɓa zancen.

"To mai magani," in ji Kaka, "ka zo da wayata, ko ka sayar ka sha shayi?"

"Wa zai saya? Da gangan na ajiye ta a kan benci a tasha na juya baya. Da na dawo na tarar ɓarawo ya goge mata fuska ya mayar, ya bar min gaisuwar jaje."

"Ɓarawon ya san mutunci. Kai ne ba ka sani ba."

"Wayar da in kin danna suna sai kin je kin dafa ruwa kin dawo kafin ta buɗe."

"Ina zan je da nake sauri? Natsuwa gare ta. Taka fa? Rana tsaka kana zagaye gidajen mutane da igiya a hannu kamar wanda akuyarsa ta ɓata, kana tambayar inda soket yake. Tawa in na yi mata caji har mantawa nake inda na ajiye cajar."

"Dole batir ya daɗe, tunda ba aikin fari ba na baƙi. Ni ma in na kwanta ban yi komai ba ai ba na gajiya."

"Wannan kuma mun shaida."

Ya ja kujerar roba ya zauna kusa da ita. Jakarsa ya ɗora a cinya ya rungume da hannu biyu, bai buɗe ba. Kaka ta kalli jakar sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ga hoto," ya ci gaba. "Ranar da na sa sabuwar riga kika ɗauke ni, uwata ta tambaya wane dattijo ne wannan a cikin hayaƙi."

"Wayata ba ta ƙarya, yadda kake ta ɗauko ka. Taka ce munafuka, ta shafe maka ƙuraje ta ƙara maka haske, har 'yan mata su yi zaton mutum ne."

"Kishi ne yake cinki."

"A kanka? In wata ta yarda ta ɗauke ka, ni zan biya mata kuɗin mota. Kuma tawa in ta yi ƙara, ko ina banɗaki ina ji. Taka sai ka manna a kunne kamar mai sauraron gulma."

"Ƙara kam akwai. Layin nan kaf sun san likita ya hana ki gishiri. Sai talla kuma. Ki buɗe za ki yi kira, sai ga wani ya faɗo yana sayar miki da takalmin gudu."

"Ka ga ko shi ya san da saurana."

"Ta faɗi sau ɗaya daga kan gado, bayanta ya tsage."

"Taka ta faɗi sau ɗaya, kai ne ka tsage. Kwana ka yi ba ka ci abinci ba. Kuma wai kai ne mai bakin yi wa wani gori, ƙazami. Na leƙa ɗakinka na ga kwalin takalmin da ka saya tun kana makaranta. Ba ka zubar da komai. Wayarka ma na san haka take, juji ce mai haske."

"Juji mai faɗi dai. Ba ta taɓa ce min ta cika ba."

Maganar ta zo kusa da inda suke gudu. Na juya rigar da nake gogewa, na yi kamar ban ji ba.

Dogo ne ya sosa ƙeya ya ce, "Ranar nan a shago, guda biyu mai waya ya ajiye a kan gilashi. Ban ce ki ɗauki ta manyan masu kuɗi ba. Na ce ga ta tsakiya, cikinta ya fi faɗi, ba ta daskarewa, za ta yi shekaru ba ta dame ki ba."

"Ka faɗa. Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, hannunka dafe da aljihu. Da na ce ƙaramar ta ishe ni, ajiyar zuciyar da ka yi har mai shagon sai da ya ɗago kai."

"Na ce zan cika miki."

"Da albashin da ba ya kai ka tsakiyar wata? Na haifi ubanka, na san lokacin da namiji yake cika baki da aljihu a bushe. Cewa na yi, tsohuwa me za ta yi da waya mai tsada, kira ne da gaisuwa."

"Yanzu kuma kin yarda ke tsohuwa ce."

"A shago kawai."

Ta ɗauki tsintsiyar ta daidaita bakinta a tafin hannu, ta mayar ta jingine. Sannan ta tambaya, ba tare da ta dube shi ba.

"Me mai gyaran ya ce?"

"Ya ce tunda yake bai taɓa ganin waya mai tsafta irin wannan ba."

"Dogo."

Ya zuge jakar ya ciro wayar, da tsagaggen bayanta da ɗan zaren da ta ɗaura mata, ya ajiye a hannun kujera.

"Babu, Kaka. Ya gwada duk abin da ya iya. Ya ce wurin ya yi mata kaɗan, duk abin da aka share nan da nan sabo yake hawa kansa. Na kai wa wani ma, maganar ɗaya ce."

Na san haka za ta kasance, amma ji daga bakinsa daban ne. Ni ma ubana ne, ni ma nakan laɓe a bakin ƙofa in saurara in ta kunna.

Kaka ta daɗe tana kallon wayar. "Tun ina yarinya nake share bayan mutumin nan," ta ce. "Ɓawon lemo, ƙasar takalmi, gutsuren biredi a kan zanin gado. Bai taɓa ɓace min ba. Ashe ajiye ni aka yi in share shi da yatsa ɗaya."

"Ba laifinki ba ne. Da na matsa ranar nan. Ko da na kwafe su na ajiye a tawa, aikin minti kaɗan ne. Kullum sai in ce gobe."

"Da ni ma na tambayi wani kafin in danna. Na ga tsintsiya, na ce aiki ne." Ta goge gefen idonta da bakin ɗankwali. "Akwai wanda yake cewa in zo in rufe taga. Shi na fi so. Tagar a rufe take ranar, so yake kawai in shigo."

Dogo ya sunkuyar da kai. Can ya sake sa hannu a jaka ya fito da kwali sabo fil, ya ɗora mata a cinya. Waya ce, irin ta tsakiyar nan da ta ƙi.

"Mene ne wannan?"

"Toshi. An ce ina sakaci da matata."

"Mayar musu. Ka kawo min babban akwati bayan kayan sun tafi, me zan zuba a ciki? Kuma watan nan iska za ka ci?"

"A nan zan riƙa cin abinci, kin ga an yi raba daidai. Ba wayam take ba, Kaka. Na shiga jujin nan nawa na yi tono."

Ya ciro wayar ya kunna. Kafin ya ɗauke yatsa ta buɗe. Ya danna wani wuri, ya miƙa ta kusa da kunnenta. Sai ga muryar Baba, siririya, da ɗan hakin nan nasa.

"Dogo, ɓarawon mata. In za ka zo ka taho min da alewa, ka sa a cikin safa kada matarka ta gani. Tun safe take sharar ƙarƙashin gadona, ta gano inda nake ɓoyewa. Ka ji ta nan."

Sai ƙarar tsintsiya a kan siminti, sannan muryar Kaka daga nesa tana cewa, "Da wa kake magana?" Baba ya amsa, "Da likita." Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, saƙon ya ƙare.

Ban san lokacin da na ajiye dutsen gugar ba. Kaka ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, hawaye yana zuba, kuma dariya take yi.

"Maƙaryata, ku biyun. Ashe kai ne kake kawo masa. Ni ina ta zargin mai aski."

"Shi kaɗai na samu, Kaka. Ba na tagar ba ne."

"Na ji." Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta juya ta gaba da baya. "Ita ma wannan tana da tsintsiya?"

"Tana da ita, amma na ɓoye ta inda ko ke ba za ki gano ba."

"To ka ci wannan karon, ƙazami." Ta ɗauki tsintsiyarta ta gaske, wadda ba ta yarda ko ni in taɓa, ta miƙa masa. "Ungo tukuici. Ka je ka share ɗakinka. Wayarka kuwa in ka kuskura ka share ta, ban yafe ba."

Ya karɓa yana dariya, ya miƙe zai nemi takalmansa. Ta riƙo gefen rigarsa.

"Ina za ka? Zauna ka nuna min inda ake dannawa ya sake magana."