Jatau da Mutum na Shida

A garin Tudun Marke akwai gidan Hajiya Zulai, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, gidan da ba a taɓa jin abin kunya ya fito daga cikinsa ba. A nan ɗan ƙaninta Jatau ya girma, mutum mai tsafta da ladabi, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Da aka buɗe filin ƙwallon kwando a bayan gari, Hajiya ta sa baki aka ba shi usur, ya zama mataimakin alƙalin wasa, Malam Isiyaku. Da sunanta ta tsaya masa a gaban manyan gari, kuma ba ta mallaki abin da ya fi sunan nan ba.

Wata rana Malam Isiyaku ya koya masa dokar jifan kyauta, wanda ake bai wa ɗan wasan da aka yi wa ƙeta: mai jifa ya tsaya bayan layi, mutum biyar su jeru a gefe, duk abin da ya ƙetare layi kafin ƙwallo ta bar hannu a busa. Wasan la'asar ne, inuwoyi sun yi tsawo. Jatau ya yi ta soke jifa bayan jifa, domin inuwar kowa ta riga mai ita shiga. 'Yan kallo suka yi dariya har da hawaye. Hajiya ta kasa cin tuwo ranar. Da ta titsiye shi, sai ya ce abin da ya dame shi daban ne: mutum biyar suka jeru, amma inuwa shida ya gani.

Wata rana kuma aka ce ya bar zancen inuwa, ƙafa zai duba, kada ya kuskura ya ɗauke ido daga layi. Aka tashi wasa, kowa ya watse, Jatau na durƙushe har aka kira magariba. Hajiya ta fito da kanta, ta bi ta lungu don kada a gan ta. Ya nuna mata layin da aka zana da farar ƙasa: sawun ƙafa ne babba, ba takalmi. Suna cikin kallo wani sawun ya bayyana kusa da na farko.

"Ya sake takawa, Goggo. In busa?"

Ta ce iska ce, ta kama hannunsa suka tafi, ta hana shi faɗa wa kowa.

Wata rana aka zo wasan ƙarshe da 'yan Gidan Rimi, Hajiya na zaune a sahun manyan baƙi. Malam Isiyaku ya gargaɗe shi kada ya miƙa wa mai jifa ƙwallo muddin akwai wanda bai kamata ba a cikin jeri. Aka zo jifan da zai raba gardama, Jatau ya rungume ƙwallo, ya rusuna wajen da babu kowa.

"Baba, don Allah a ɗan matsa. Biyar aka ce."

Fili ya ɗauki ihu. Hajiya ta ji ana kiransa wawan gidan Zulai, ko Hajiyar ba a sa ba, ta ga matar hakimi ta rufe baki da mayafi. 'Yan wasa duka suka bar ƙarƙashin kwando, suka yo kansa za su ƙwace ƙwallon, shi kuwa yana ta ja da baya. A daidai lokacin turken ƙarfen da ke riƙe da kwandon ya karye daga gindi, ya rikito da allo da kwando a kan wurin da suka bari. Ko iska ba ta kaɗa ba.

Waɗanda suka yi ihu su suka fara zuwa gaishe ta, ana ta yabon tarbiyyar gidanta. Ta karɓa da natsuwa. Da Jatau ya zo ya durƙusa, ta tambaye shi ƙasa-ƙasa ko mutumin ya tafi.

"Ya matsa dai, Goggo. Yana tsaye bayan kujerarki. Nan babu layi, bai yi laifi ba."

Idon manyan gari na kanta. Hajiya ta gyara mayafinta, ta ci gaba da amsa gaisuwa, ba ta waiwaya ba.