Makullan Malam Sallau da Na'urar Raba Magani

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙaramin asibitin nan ya san Malam Sallau na ɗakin magani. Ko bai ga fuskarsa ba, ya ji ƙarar makullansa. Dami guda ne rataye a ƙugunsa: na ɗakin magani, na sito, na kowane kabad, har da na bayin ma'aikata, domin ya ce bai yarda da kowa ba. In ya taho, kacau-kacau, sai ka rantse dokin biki ne ya shigo.

Cika bakinsa kuwa ya fi makullan ƙara.

"Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki," in ji shi. "Ni ba na karanta rubutun jikin magani. In rufe ido in sansana ƙwaya, in gaya maka sunanta, da ƙasar da aka yi ta, da abin da mai yin ta ya ci da safe."

Gaskiyar maganar ita ce idon ne ya fara ja da baya, shi kuma ya ƙi sa tabarau.

Ana nan sai aka kawo na'urar raba magani, ƙatuwa kamar firiji, da aljihuna jere. Ma'aikaciyar jinya za ta dangwala babban yatsa, ta zaɓi sunan majinyaci, sai aljihu ɗaya tak ya buɗe. Kowace ƙwaya tana cikin 'yar ledarta mai zane, a nuna wa na'urar ta karanta. In an ɗauko ba daidai ba, ta ɓarke da kuka.

Kan ma'aikata ya rabu. Wasu suka ce ta cika tsegumi. Wasu suka ce ranar da wuta ta ɗauke, inji ya ƙi tashi, ina za a sa kai? Sista Ladidi ta ɗakin mata kuwa cewa ta yi, "Ni dai tun da ta zo gabana ya daina faɗuwa. Mutum ga gajiya, ga majinyata talatin, ga ƙwayoyi duk farare."

Shugabar ma'aikatan jinya, Hajiya Tabawa, ta yanke cewa ranar Alhamis za a zauna. In na'urar ta yi nasara, Malam Sallau zai miƙa makullai. In ta gaza, a mayar da ita inda ta fito.

Ranar Alhamis da safe Malam Sallau ya zo cika aljihunan, aikin da dama shi aka ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya kwashe maganin sa fitsari, wanda ake ba masu kumburin ƙafa, ya zuba bitamin a gurbinsa. Duk ƙanana ne farare. Ya rufe, ya shafa na'urar, ya ce, "Yau za ki san da manya a gidan nan."

Bayan azahar aka taru. Malam Sallau ya zauna gaba, ya kwance makullansa, ya dire su gaban Hajiya Tabawa, kacam!

"Hajiya, riƙe. In ban kama wannan akwatin da ƙarya ba, sun zama naki. Ladidi, ciro mana maganin sa fitsari."

Sista Ladidi ta dangwala, aljihu ya buɗe, ta miƙa masa. Ya rufe ido ruf. Ya yage ledar, ya sansana, ya girgiza kai cikin takaici.

"Bitamin! Jama'a, ku shaida. Da wannan za a ba mai kumburi, a ce an yi magani."

"Baba Sallau, ka buɗe ido ka karanta ledar," in ji Sista Ladidi.

"Ni in karanta? Ranar da na fara aiki ba a yanke miki cibiya ba."

"Malam, ajiye ƙwayar nan," in ji Hajiya Tabawa.

Kafin ta rufe baki ya jefa ƙwayar a bakinsa, ya kora da ruwan gora guda, ƙwat-ƙwat-ƙwat. "Ga hujja. Mu zauna mu gani."

Hajiya ta sa aka auna jininsa, aka ga lafiya lau. Ta tura makullan cikin jakarta, ta ce a ci gaba da taro.

Aka shiga batun wuta. Malam Sallau yana murmushi. Aka shiga batun horar da ma'aikata. Murmushin ya ragu. Ya ɗora ƙafar dama kan hagu. Ya sauke, ya ɗora hagu kan dama. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Wani ya ɗauki buta yana tsiyaya shayi, tsirrr, Malam Sallau ya runtse ido yana salati.

"Malam, sansanar wani maganin kake?" in ji wani daga baya.

"Hajiya," ya ce da wata siririyar murya, "zan ɗan duba sito."

"Sito yana nan lafiya. Ladidi, kina da bayani."

Sista Ladidi ta miƙe a natse, ta gyara mayafi. "Da hantsi na zo ɗaukar wa wata tsohuwa maganin kumburi, na'urar ta yi kuka ta ƙi. Na duba, bitamin ne cike da aljihun. Na mayar da kowanne wurinsa. Na'urar kuma ta nuna yatsan da ya buɗe aljihun kafin nawa." Ta dubi ƙasa. "Zan iya karanto sunan, amma da ɗan tsawo bayanin."

"Ni ne!" Malam Sallau ya zabura, a duƙe. "Ni ne, na'urar ta yi gaskiya, a bar ta, a ƙaro biyu! Hajiya, don girman Allah, na bayin kawai!"

Hajiya Tabawa ta ciro damin makullan a hankali, ta juya su, kacau, ta sake juyawa.

"Sun yi yawa, Malam, ni ban san shi ba. Rufe ido ka sansano shi."