Tulun da Ya Daɗe a Bakin Fito

Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka tun da na kai hamsin, har da waɗanda na sha wahalar haddacewa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yar Madugu Bukar ba. Na so in manta, na kuma roƙi Allah a kan haka ba sau ɗaya ba. Sai dai a garin Haɗeja mutum ba ya mantawa shi kaɗai, sai unguwa ta yarda. Tamu kuwa har yau ba ta yarda ba.

A lokacin ban daɗe da dawowa gida ba, bayan shekaru masu yawa ina yawon karatu tsakanin Kukawa da Kano. Na dawo da gafakar littattafai, da ƙafafu masu faso, da gajiyar da barci ba ya maganinta. Abu ɗaya nake so a duniya, shi ne limancin masallacin unguwarmu. Tsohon liman ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ya ce dattawa su nemi wanda zai gaje shi. Ba muƙamin dukiya ba ne. Akwai dai 'yar gona a bakin fadama da ake bar wa liman, akwai kuma abin da ya fi gonar a wurina, wato wurin zama, inda ba za a sake tambayata yaushe zan tashi ba. Mu biyu ake magana a kanmu: ni da Malam Idi, mutum mai shiru wanda bai taɓa yin nisa da ganuwa ba. Mai unguwa ya ce za a yanke shawara bayan bikin gidan Madugu. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi: a zauren bikin za a zuba mana ido.

Dole in faɗi raunina a nan, domin shi ne tushen labarin. Ina da harshen zuma. Mahaifina yana da amya a bishiyoyi da yawa ta wajen Miga, a gindinsu na girma, har ya zama idan na lasa zan ce wannan ta furen ɗorawa ce, waccan ta gawo, wannan kuma an yi gaggawar cire ta. A Kukawa abokan karatuna sun yi suna da ƙira'a, ni kuwa na yi suna da wannan (ban taɓa faɗa wa mahaifina haka ba, Allah ya jiƙansa). Har tsari na yi wa abin. Sai a zuba mini a farin ƙoƙo in dubi launi, in kai hanci, in riƙe a baki ba tare da haɗiya ba, sannan in haɗiye in saurari abin da ya saura a maƙogwaro. Tsakanin ƙoƙo da ƙoƙo in kurkure baki. Na kasa zuma daraja uku: ta fari, ta tsakiya, da wadda ake bai wa baƙon da ba a son ya dawo.

Gidan Madugu asalinsu mutanen gabas ne, suna da wata al'ada. Duk 'yar'uwar uban amarya takan kawo tulun ruwan zuma da ta haɗa da hannunta, da citta da kanumfari da ɗan tsamiya. Wanda ya fi daɗi shi ake kai wa dattawa da waliyyan ango, mai shi kuma ta yi shekara tana taƙama. Madugu mutum ne da ya ratsa daji da ayari bai ji tsoron 'yan fashi ba, amma yana tsoron 'yan'uwansa mata. Don haka ba ya yanke hukuncin da bakinsa.

"Malam," in ji shi bayan an shafa fatiha, "an ce harshenka ba ya karɓar toshi. Taimake ni ka raba ni da matan nan."

Ya kamata in ce ni baƙo ne a bikin, a nemi wani. Na sha tambayar kaina dalilin da ya hana ni faɗin haka, amsar kuwa ba ta da daɗi. Na ga dattawa a jere, na ga Malam Idi a gefe yana jan carbi, sai na ce a raina ga fagen da ba zai iya bina ba.

Aka jera tuluna uku a tsakiyar zaure. Matan suna bayan zana, ba a ganinsu amma ana jin numfashinsu.

Na farko na cikin gari ne. Zumar ɗorawa ce mai kyau, sai dai citta ta danne ta. Na ce, "Mai wannan hannunta a buɗe yake, Allah ya ƙara buɗi. Ta tsakiya ce." Na biyu daga Miga aka kawo. Launi kamar man shanu, amma wanda ya ciro zumar ya cika wa amya hayaƙi. Na ce, "Laifin ba na mai haɗawa ba ne, na mai hawa bishiya ne." Aka yi dariya, na ji kaina ya ƙara girma a cikin rawani.

Na uku na Ya Fanna ne, babbar yayar Madugu, daga Kirikasamma. An gaya mini tarihinsa tun kafin a buɗe, ina ji da kunnena. Ta haɗa shi da wuri don kada ta makara, ta rufe bakin da faifai ta liƙe da laka. Da suka iso kogi suka tarar ruwa ya cika ya shafe hanya, masu fito suka ce ba mai tsallakawa sai ya sassauta. Suka yi kwanaki a gaɓa, tulun yana zaune a rana. Duk na ji wannan. Abin da na ce kawai shi ne, "Allah sarki, ta sha hanya."

Da aka fasa lakar, tulun ya yi huci kamar maciji. Kumfa ta taso har baki. (A nan ne nake son mai karatu ya san cewa ni da bakina na karantar da babin da ya ce idan jiƙo ya tafasa ba wuta, ya yi kumfa da kansa, a zubar da shi. Na karantar da shi a Kano, na yi sharhi, har wani ɗalibi ya yaba mini. Amma a takarda kumfa ba ta da ƙanshi.)

Na kai hanci. Wani abu mai kaifi ya hau mini har tsakiyar ka. Na kurɓa. Zaƙin ya ja baya, ya bar wani ɗanɗano da ban taɓa gamuwa da shi ba, ga tsami kaɗan, ga cizo a gefen harshe, ga ɗumi yana gangarawa ƙirji a hankali kamar an shimfiɗa mini bargo daga ciki. Na rufe ido na saurari maƙogwaro, abin ya ƙi ƙarewa.

"A ƙaro," na ce. "Hukunci ba ya son gaggawa."

Aka ƙaro. Na sake cewa a ƙaro.

Gambo taubashina, ɗan kawuna, yana zaune kusa da ni. Tsohon ɗan ayari ne, ya yi ƙuruciyarsa a hanyar Gwanja kafin ya tuba ya kama sayar da kanwa, ga shi kuma yana auren 'yar mai unguwa. Ya karɓi ƙoƙon ya sunsuna, ya dube ni, ya dubi rufin zaure.

"Gwanin ludayi," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗanɗano aka ce, ba a ce ka yi guzuri ba. Bar shi haka."

"Kai da ka saba da ruwan rijiyar hanya, me ka sani a nan?"

"Na ce bar shi haka, taubashi. Rana ta yi zafi."

Na ɗauka wasan da muka saba ne. Na ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana, na ce tun daga Kukawa har Kano ban taɓa shan irin wannan ba (wannan kam gaskiya na faɗa), kuma darajojina uku sun yi masa kaɗan, sai an ƙirƙiro ta huɗu a samansu. Ya Fanna ta rangaɗa guɗa. Madugu ya buɗe baki, ya ji guɗar yayarsa, ya rufe.

Aka zuzzuba wa dattawa. Abin da na gani a lokacin ban fahimce shi ba sai daga baya. Kowa ya kai ƙoƙo hanci, sai ya tsaya. Mai unguwa ya ce haƙori na damunsa. Waliyyin ango ya tuna yana azumin nafila, alhali ga jan goro a leɓensa. Wani ya ce zai kai wa iyali. Malam Idi ya sunsuna sau ɗaya, ya ajiye ƙoƙon a bayansa, ya ci gaba da jan carbi. Ni kuwa tausayinsu ya kama ni, mutane ga alheri a hannu sun kasa sha. Don kada ran Ya Fanna ya ɓaci, na karɓi na mai unguwa na shanye masa.

Sai aka zo wurin da ake jira. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, cikin muryar da yanzu na san ta mai neman mafita ce, "Ko Malam Idi zai yi wa ango nasiha?"

"Ni zan yi," na ce.

Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a zaure. Ƙasa ta karkata kamar jirgin fito, na gyara ƙafa. Na fara da kyau, an shaide ni a kan haka. Na ce aure haƙuri ne. Na ce aure kamar zuma yake. Daga nan zumar ta ƙwace linzami. Na ce mutane ma daraja uku ne, kuma tun da an ce harshena ba ya karɓar toshi, bari in ɗanɗana zauren.

Na nuna mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, kai zumar gawo ce. Launi ya yi kyau, amma idan an haɗiye ba abin da ke saura." Na juya ga Madugu na ce zuma ce ta gaske, sai dai hayaƙi ya yi yawa. Waliyyin ango na sa shi a daraja ta uku, na kuma bayyana masa ma'anarta. Da na iso kan Malam Idi na daɗe ina dubansa, sannan na ce, "Wannan ruwa ne aka nuna wa zuma daga nesa."

Ango ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa saboda dariyar da yake dannewa.

Sai kuma na tuna da mahaifina da amyoyinsa, kuka ya zo mini. Na durƙusa na rungumi tulun Ya Fanna ina ce masa shi kaɗai ya fahimce ni a garin nan. Rawanina ya warware, gefe ɗaya ya faɗa cikin kumfar. Gambo ne ya ɓamɓare ni, ya ɗora ni a kan jakin kanwarsa, ya ja ni gida da la'asar sakaliya. Hanyar gidanmu ta bakin kasuwa take bi. An ce na yi ta sa wa masu kifi albarka ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na farka da kai kamar ana daka a ciki. Gambo na zaune a ƙofar ɗaki da ƙwaryar kunun tsamiya.

"Me na sha?" na tambaye shi.

"Abin da kake wa'azi a kai."

Na yi salati, na yi istigfari, na sake yin salati. Sannan na ce, "Kai kuwa ka sani ka bar ni?"

"Sau biyu na ce ka bari."

"Me ya hana ka faɗa a fili?"

"In ce me? In miƙe a gaban surukina in ce jama'a, na san wannan warin? Sai ya ce a ina ka san shi, Gambo?" Ya tura mini ƙwaryar. "Sha. Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ka ga ya ajiye ƙoƙo jiya ya gane. Kowa jira yake wani ya fara faɗa."

Bayan kwanaki mai unguwa ya zo da kansa, abin da ya ƙara mini nauyi. Na fara ba da haƙuri a kan zumar gawo, ya ɗaga hannu.

"Malam, ba wanda ya ce ka yi laifi. Wanda bai sani ba, ba a kama shi. Mu ma mun tattauna, mun ga a duk zauren nan kai kaɗai muke da tabbacin ba ka taɓa kusantar abin nan ba." Ya gyara bakin riga. "Sai dai jama'a sun ce idan ka tsaya a gaba, za su riƙa tunawa da jaki. Salla kuwa ba ta son dariya."

Aka bai wa Malam Idi limanci da gonar bakin fadama. A bayansa nake salla har yau, a sahu na biyu, kuma ban taɓa jin ya yi kuskure ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ruwa da zuma ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ya tayar. Ni kuma na koma karantar da manya a zauren gidana. Idan muka iso babin jiƙo, ɗalibai sukan dubi ƙasa, ni ma in dubi ƙasa, mu wuce da sauri. Ya Fanna, har ta rasu, ba ta yarda tulunta ya juya ba. Takan ce babban malami ya shaida nata ya fi na kowa, duk kaka kuma sai ta aiko mini da zuma.

Ban sake ɗanɗana wa kowa komai ba. Abin da na koya ba shi da yawa, ga shi kuma ya zo a makare: idan na ga dattawa sun kai ƙoƙo hanci sun ajiye, nakan ajiye nawa, ba na tambayar dalili. Tambaya ɗaya ce ta ƙi barina, takan zo mini wani lokaci idan na ɗaga ido na ga ƙeyar liman. Mutumin nan bai taɓa yin nisa da ganuwa ba. Sau ɗaya ya sunsuna. Nakan yi istigfari in kore ta, gobe ta dawo.